Daga Rabin Aji Zuwa Aji Ɗaya: Aikin Yana Farawa Daga Gida

A da can, ranar ɗaukar 'yan aji ɗaya, hedimasta yakan ce wa yaro ya ɗora hannunsa bisa kai ya kamo kunnen ɗaya gefen. In hannu ya kai an ɗauke shi, in bai kai ba sai baɗi. Magidanta a Ɗanzomo da Gumel waɗanda suka shiga makaranta zamanin shirin UPE na 1976 za su tuna da wannan. Yanzu takardar haihuwa ake tambaya, amma ƙa'idar tana nan daram, wato shekara 6. Bugu da ƙari, manufar ilmi ta ƙasa ta tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, abin da muke kira rabin aji ko nazare.

To, 'yan'uwa, sau da yawa iyaye mukan ɗauka cewa yaron da ya haddace baƙaƙe, ya iya ƙirga 1 zuwa 20, ya gama shiri. Ba a nan gizo yake saƙar ba. A rabin aji malama takan goge masa hanci, ta raka shi bayan gida, in barci ya ɗauke shi a ƙyale shi. A aji ɗaya kuwa zai tarar da ɗaki cike da yara, da malami guda, da zama wuri ɗaya har rana ta take. Yaron da bai iya faɗin sunansa da na mahaifinsa ba, ko yake jin nauyin ɗaga hannu ya nemi izinin fita, shi ne wanda za a ga yana kuka kowace safiya har a ce ba ya son karatu. Waɗannan abubuwa a tsakar gida ake koyonsu, kuma malaman makarantar Lahadi da Zumuntar Mata suna da rawar takawa.

Akwai kuma matsalar lokaci. Ana buɗe shekarar karatu a watan Satumba, daidai shigowar kaka, lokacin da gero da wake da riɗi suke neman hannu. Daga Sule Tankarkar zuwa Gagarawa, gida yakan watse zuwa gona tun da asuba, ranar Alhamis kuma ga kasuwar Maigatari. Sai a ce bari a gama girbi tukuna a kai ƙaramin. Kafin ya zo, 'yan ajinsa sun yi abokai, sun saba da malami, shi kuwa ya zama baƙo. A ganinmu, in da wanda za a tsayar a gida, bai kamata ya zama ɗan aji ɗaya ba. A raka shi ya san hanya kafin ranar buɗewa, a kuma ba shi koko ko ɗumame kafin ya fita.

Batun harshe kuwa, gwamnatin tarayya ta ce a 2022 a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, sannan a 2025 ta soke wannan ta koma Turanci. Uwa kada ta daina yi wa ɗanta tatsuniya da ƙirgen kaji da Hausa, domin yaron da ya gane "biyu da uku" a harshensa, sabon suna kawai malami zai koya masa.