Shin Ko Kun San? Idan Injin Jirgi Ya Mutu a Sararin Sama

Shin ko kun san cewa mutuwar inji ɗaya ba ta kayar da babban jirgin fasinja? Kafin a amince wa jirgi mai inji biyu ya ɗauki mutane, sai masu ƙera shi sun nuna cewa zai iya tashi, ya yi tafiya, ya kuma sauka lafiya da inji guda. Abin da ke raba tsira da halaka sau da yawa shi ne shawarar matuƙi: ina zai sauka, kuma yaushe?

Ko kun san doka ba ta bar wannan shawara ga son ran kyaftin ba? A dokar Amurka, wadda ta yi kama da ta ƙasashe da yawa, idan jirgi mai inji biyu ya rasa ɗaya, wajibi ne ya sauka a filin da ya dace wanda zai fi saurin isa. Da minti ake auna kusancin, kuma dole filin ya zama mai iya karɓar jirgin: tsawon titin sauka, yanayin sama, motocin kashe gobara. Rashin makanikan kamfani a wurin, ko tsadar kwanan fasinjoji a otal, ba hujja ba ce.

Mai inji uku ko huɗu kuwa an yi masa sassauci. Idan ɗaya ne kawai ya mutu, kyaftin na iya wuce filin kusa, matuƙar ya auna irin matsalar, da man da ya rage, da yanayi, da duwatsun da ke hanya, ya tabbatar ci gaban bai ƙara haɗari ba.

Shin ko kun san an taɓa tsallake Tekun Atlantika da wannan sassauci? A watan Fabrairun 2005, injin wani Boeing 747 na British Airways ya lalace jim kaɗan bayan tashi daga Los Anjelis da fasinjoji 351. Matuƙan suka kashe shi, suka miƙa Ingila da inji uku. Ba su kai Landan ba, fargabar ƙarancin mai ta sa suka sauka a Manchesta. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta nemi cin tarar kamfanin dala 25,000, daga baya ta janye. Doka dai ta ba su dama, amma ni ina ganin tafiyar da ta ƙare da kiran gaggawa ba abar koyi ba ce.

Me ya cinye man? Jirgin da ya rasa inji ba ya iya zama can ƙololuwa. Dole ya yi ƙasa inda iska ta fi kauri, a nan kuma mai ya fi saurin ƙarewa, gudu ya ragu.

Ko kun san tun 1953 Amurka ta hana jirage masu inji biyu yin nisan da ya wuce tafiyar minti 60 daga filin da za su iya sauka? A 1985 aka faɗaɗa zuwa minti 120 ƙarƙashin tsarin da ake kira ETOPS, a 1988 zuwa 180. A 2014 Turai ta amince wa Airbus A350 minti 370, wato sama da sa'o'i shida da inji guda. A 2003 wani Boeing 777 na United da ya taso daga Niyu Zilan ya yi kusan sa'o'i uku a kan teku da inji ɗaya kafin ya sauka a Hawai, domin babu wani fili da ya fi nan kusa.

Filin kusa ba lallai ya zama mai daɗi ba. A Disambar 2018, wani sabon Boeing 737 na kamfanin Norwegian da ya taso daga Dubai ya sauka a Shiraz ta Iran saboda matsalar inji, ya kuma maƙale fiye da wata biyu, don takunkumi ya wahalar da shigo da kayan gyara. Kamfani ya yi asara, amma kowa ya koma gida da ransa.

Shin ko kun san gaggawa ma tana kisa? A ranar 8 ga Janairun 1989, injin hagu na wani jirgin British Midland ya lalace, matuƙan suka kashe na dama mai lafiya. Jirgin ya faɗi a Kegworth, dab da filin da suka nufa, mutum 47 suka rasu. A 2015 irin haka ta faru a Taipei, aka rasa 43. Shi ya sa ake horar da matuƙa su fara riƙe jirgin, su biyu su tabbatar da wane inji ne ya mutu, sannan su bi takardar matakan gaggawa layi-layi. Matuƙan Qantas da injin A380 ɗinsu ya fashe a 2010 sun daɗe suna shawagi kusa da Singafo suna wannan bincike, suka sauke mutum 469 lafiya.

Sai wanda ya fi yi mana ciwo. A ranar 3 ga Yunin 2012, jirgin Dana mai inji biyu ya tashi daga Abuja zuwa Legas. Minti 17 da tashi, inji ɗaya ya daina ba da ƙarfi. Abuja na nan a baya kaɗan, filayen Ilorin da Akure da Ibadan ba su da nisa da hanyar, amma aka ci gaba. Dab da sauka na biyun ma ya ƙi amsawa, jirgin ya faɗa cikin unguwar Iju-Ishaga. Duka mutum 153 da ke ciki suka rasu, har da wasu mazauna unguwar. Allah ya jiƙansu. Rahoton ƙarshe na hukumar binciken haɗurra, wanda ya fito a 2017, ya lissafa ƙin amfani da takardar matakan gaggawa da rashin sauka a filin da ya fi kusa cikin musabbabin haɗarin.

Don haka, mai karatu, duk ranar da kyaftin ya sanar cewa zai karkata akala zuwa wani gari saboda matsalar inji, kada ka ɗaga wa ma'aikatan jirgin murya don ka rasa taro ko ɗaurin aure. Ka ɗaura bel ɗinka, ka bi umarninsu, ka yi addu'a.