Tahamisi da Ƙwar Biyar

Ɗalibai kan gauraya waɗannan kalmomi biyu, alhali kuwa ba ɗaya suke ba. Layi guda na waƙa shi ne ɗango, ɗangwaye su haɗu su ba da baiti. Ƙwar biyar ita ce waƙa mai ɗango biyar a kowane baiti. Amma tahamisi, galibi aikin mutum biyu ne: sha'iri ya sami ƙwar biyu ta wani, ya ɗora ɗango uku bisa kowane baiti, amsa-amonsu ya bi na ɗangon farko.

Haka aka yi wa "Tabbat Haƙiƙa". Shehu Usmanu ya tsara ta da Fulatanci, Nana Asma'u, wadda ta zauna Wurno zamanin Sarkin Musulmi Bello, ta mayar da ita Hausa, sa'an nan Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Malamin da bai rabe ɗangwayen Isa ba, lalle zai jingina wa Shehu abin da bai faɗa ba.