Littafin Tunawa: Ajiyar da Ta Kamaci Kowane Gida

A yawancin gidajen masu bi na ƙasar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, tarihin iyali yana kwance ne a ƙasan adakar uwargida: katin baftisma, hoton aure, takardar tsarin jana'izar kaka, kalandar bikin wani ɗan'uwa, duk a warwatse. A Amurka da Ingila mutane sukan manna irin waɗannan cikin littafi ɗaya su rubuta bayaninsu, don nishaɗi kawai. A wurinmu kam abin ya wuce nishaɗi.

Mai karatu bai manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, ko kisan da aka yi a Kadisau ta Faskari cikin watan Yunin wannan shekarar. A shekarun nan ƙauyuka da dama sun watse, jama'a suka nufi Funtuwa da Malumfashi da abin da hannu ya iya ɗauka. Wanda zai gudu da tsakar dare ba ya tsayawa tsintar takardu, amma littafi guda ana iya ƙulle shi a zane tare da goyo.

Aikin ba shi da tsada. A nemi rajista mai bango mai ƙarfi da gam na kanti. Kada a manna da ƙullin gari, gama shi ne abincin gara da kyankyaso. A bayan hoto a yi rubutu da fensir, domin tawadar biro takan ratso ta ɓata fuska. Hotunan da ke cikin waya kuwa a kai a wanke su. Waya takan lalace, kuma ita ake fara ƙwacewa a hanya.

Amma abin da ya fi gam da fensir muhimmanci shi ne suna. Hoton da ba a rubuta ko wane ne ba, bayan tsara biyu ya zama hoton baƙo. Cikin Littafin Joshuwa sura 4, duwatsu 12 da aka ɗauko daga Urdun an kafa su ne domin yara su yi tambaya, iyaye su ba da amsa. To, kakanninmu na gidajen Maguzawa da suka fara ba da gaskiya, da yawansu ba su taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. A ware wa kowannensu shafi, a zauna da tsofaffin da suka rage a rubuta sunansa, ƙauyensa, sana'arsa, da wanda ya yi masa baftisma.

Idan katin baftisma ya riga ya salwanta, a tuntuɓi katikis ko limamin ikilisiya a duba rajista. In an gama, a yi kwafi a ajiye wurin wani ɗan'uwa da ke zaune a gari.