Ko Kun Sani? Agwagi Da Kifi Kan Tona Asirin Gubar Ma'adinai

Agwagi ne suka fara ɓacewa a ƙauyukan Zamfara a farkon 2010, tun kafin a gano gubar dalmar da ta hallaka yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Dutsen zinaren da ake niƙawa cikin gidaje cike yake da dalma, ƙurarsa kuwa ta kwanta a ƙasa da kududdufan da agwagin ke kiwo a ciki. Kifi ma kan tona asirin irin wannan guba. Dalma da ire-irenta ba sa ruɓewa, taruwa suke yi a jiki, musamman a hanta da ƙoda. Shi ya sa masu bincike ke feɗe tarwaɗa da karfasa, su auna hantarsu don gane gurɓatar kogi, ko da ruwan garau yake a ido.