Takardun lamunin gwamnati: Saye da sauƙi, sayarwa da wuya

Tun watan Maris na 2017 Ofishin Kula da Basussuka, DMO, yake sayar wa ƙananan masu zuba jari takardun FGN Savings Bond, daga naira 5,000, na shekara biyu ko uku, ana biyan ruwa duk wata uku. Ma'aikacin da ya ɗauke su tamkar asusu ya yi kuskure.

Wanda ya jira wa'adi ya cika zai karɓi uwar kuɗinsa cif. Amma wanda kuɗin haya ya taso masa a tsakiya, dole ya sayar ta hannun dillali a kasuwar NGX, inda masu sayen irin waɗannan takardu ba su da yawa. A 2024 Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5, sai darajar tsofaffin takardu ta faɗi, domin ba mai biyan cikakken kuɗinsu alhali sababbi sun fi tsoka. Masu Sukuk ma ba su tsira ba.

Kafin ya kira dillali, ma'aikaci na iya auna asarar da lissafin PRICE na manhajar Excel. Kada ya manta ya sa 4 a gurbin yawan biya a shekara.