Me Ya Sa Fiffiken Jirgina Ya Karye Ba Wanda Ya Harbe Ni?

A hutun da ya wuce ina gida Garun Malam, na ari kwamfutar yayana ina buga War Thunder, wasan yaƙin nan na intanet. Na ɗauki Lancaster, jirgin Ingila mai jefa bama-bamai na Yaƙin Duniya na Biyu, na cika shi maƙil. Wani ɗan ƙaramin jirgi ya biyo ni, na sunkuyar da nawa ƙasa da gudu, sannan na fizgo shi sama. Ɓas! Fiffiken dama ya fita. Ko harsashi ɗaya bai taɓa ni ba. Na zargi netiwok, har datata sai da na zaga. Ashe laifina ne, kuma amsar tana cikin kwas ɗin ƙarfin ƙarafa da ya kusa ba ni kari-oba a ND I.

Lancaster da kayansa ya kai kusan tan 30. In yana tafiya miƙe, tan 30 ɗin fukafukansa ke ɗauke da shi, wato g ɗaya. Da zarar ka karkata shi digiri 60 kana juyawa ba tare da ka yi ƙasa ba, nauyin ya ninka biyu, ya koma tan 60. A digiri 75 ya kusa ninki huɗu. Bam ko ɗaya ba a ƙara ba, juyin kawai ya jawo. Gudu kuma ya fi haɗari, don ƙarfin iska a kan fiffike yana ninkuwa huɗu in gudu ya ninka biyu. Ni kuwa na haɗa duka biyun: gudun gangara da fizga.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Gafan lokacin tumatir ya san wannan. Motar da aka labta wa kwanduna tana iya tsayawa yini guda sifirin ɗinta lafiya lau. Amma bari direba ya faɗa rami da gudu a hanyar Zariya, nan take za ka ji ƙarar karyewa. Kayan dai su ne, bugun ne ya ninka su.

Kowane jirgi da iyakarsa. F-16 yana jure g 9, manyan jiragen fasinja kuwa a kan g 2.5 ake ƙera su, kuma manyan masu jefa bam sun fi kusa da waɗannan, don an yi su ne su ɗauki kaya su yi nisa. Injiniyoyi suna ƙara rabin iyakar a sama, wato su ninka ta da 1.5, kafin ƙarfe ya rabu. Wannan rarar ba ta wasa ba ce. A watan Janairun 1964 iska mai ƙarfi ta cire wa wani B-52 na Amurka kusan duk tsayayyar jelarsa, da ƙyar matuƙan suka sauko da shi.

Inda wasan ya yi mana rangwame shi ne gajiyar ƙarfe. Kowane zagaye sabon jirgi fil ake ba ka. A zahiri ƙarfe ba ya mantuwa: lanƙwasa waya sau ɗaya ba ta karyewa, yi ta maimaitawa ka gani. Haka ta faru da B-26 Invader, irin wanda Biyafara ta yi amfani da shi a farkon yaƙin basasa a 1967. Amurka ta janye nata daga Biyetnam a 1964 bayan fukafukai sun riƙa ɓallewa a sama, saboda tsufa da yawan fizga da bam a rataye.

Yanzu in an biyo ni ba na gangarawa kamar mahaukaci. Nakan zubar da bama-baman tukuna, in rage wuta, in juya a hankali, in bar masu bindigar baya su yi aikinsu. Har yanzu ana harbo ni, ba ƙarya, amma da fukafukaina biyu nake faɗowa. 'Yan ND I masu shirin jarrabawar wannan kwas ɗin, ku ɗauki kalkuleta ku raba ɗaya da kosayin na digiri 60, ku ga abin da zai fito.