Aikatau “Take” da Ƴan Rakiyarsa: Gudummawar Nahawun Hausa ga Mai Koyon Ingilishi

Gabatarwa

Ɗalibin da ya tashi a Hawandawaki, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Tasawa a jihar Maraɗi, galibi yana fara Ingilishi ne a ajin farko na kwaleji, bayan ya yi shekara shida yana karatu da Faransanci. Don haka kalmomin Ingilishi ta ƙofar Faransanci suke shigo masa. A ce masa “take” shi ne “prendre”, ya rubuta, ya haddace. Wannan fassara takan riƙe shi har ranar da ya ci karo da “take off” ko “take after”, inda “prendre” ba ya tsinana masa komai. Wannan maƙala za ta bayyana yadda aikatau “take” ke haɗuwa da ƙananan kalmomin da ke biye da shi, ta kuma nuna cewa Hausar da ɗalibin ya tashi da ita ta fi Faransanci kusa da wannan tsari.

Ƙananan kalmomi iri biyu

Kalmomi irin su “off”, “out”, “away”, “back”, “after” da “to” sun yi kama a ido, amma aikinsu iri biyu ne. Na farko shi ne harafi na ainihi, wanda ke riƙe da sunan da ke bayansa, ba ya rabuwa da shi. “She takes after her mother” na nufin ta gaji kamanni ko halin mahaifiyarta. A nan ba a cewa “she takes her mother after”. Na biyu kuwa za mu kira shi ɗan rakiya, domin jikin aikatau yake jingine, yana sauya masa ma’ana. Ana cewa “take off your shoes”, ana kuma cewa “take your shoes off”, duka biyun ma’anarsu cire takalmanka.

Wakilin suna shi ne ma’aunin da ya fi saurin rarrabe su. Idan ɗan rakiya ne, dole wakilin suna ya shiga tsakani: “take them off”. Idan harafi ne, wakilin suna a bayansa yake zama: “she takes after her”. Ɗalibin da ya riƙe wannan gwaji ya huta da yawan kurakuran jeranta kalmomi.

Inda Faransanci ya rabu da Ingilishi

A 1985 masanin harshe Leonard Talmy ya nuna cewa harsuna sun bambanta wajen inda suke ajiye alkiblar motsi. Ingilishi yakan ɗora ta a kan ɗan rakiya, ya bar aikatau yadda yake. Faransanci yakan cusa ta cikin aikatau kansa. Shi ya sa “take out” yake zama “sortir”, “take away” ya zama “emporter”, “take off” ya zama “enlever” idan tufafi ne, ko “décoller” idan jirgin sama ne. Ɗalibin da ke bin wannan hanya yana ganin kalmomi barkatai da babu zaren da ya haɗa su, sai ya koma ga hadda tsagwaronta.

Abin da Hausa ke yi

A 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatan Hausa zuwa azuzuwa bakwai bisa ga wasalin ƙarshe da karin sauti, kuma Paul Newman ya faɗaɗa bayanin a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000. Abin lura a nan shi ne, aikin da Ingilishi ke ba ɗan rakiya, Hausa ɗafa-ƙeya take ba shi. Dubi waɗannan jimloli:

Ya ɗauki buhu.
Ya ɗauke buhun.
Ya ɗauko buhun.

Saiwa ɗaya ce, amma ta farko, aji na biyu, ɗauka ce kawai. Ta biyu, aji na huɗu, ta nuna an kawar da buhun gaba ɗaya, daidai da “take away”. Ta uku, aji na shida, ta nuna an nufo mai magana da shi. Aji na huɗu shi ne kuma ke bayar da ma’anar ƙarewa ƙaf, wadda Ingilishi ke nunawa da “up”: ci da cinye su ne “eat” da “eat up”, sha da shanye su ne “drink” da “drink up”. Aji na biyar, mai nuna an fitar da aiki daga wurin mai yin sa, shi ke fassara “take out” da fitar da, “take back” kuma da mayar da.

Hatta sauyin ma’ana zuwa salon magana, wanda ya fi ba ɗalibai tsoro, ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Idan aka ce ruwa ya ɗauke, ko an ɗauke wuta, ko ta ɗauke kai, babu wanda ya sunkuya ya ɗaga wani abu. Haka “take over”, wato karɓar ragama, da “take to”, wato shaƙuwa da wani ko wani abu, suka yi nisa da ma’anar asali. Irin waɗannan sai an koye su ɗaya bayan ɗaya a cikin jimla, kamar yadda baƙo ke koyon namu.

Iyakar kamancen

Bai kamata a ɗauka cewa kowane aji yana da takwaransa a Ingilishi ba. Aji na shida ne babban misali. Ingilishi ba shi da ɗan rakiyar da ke nuna nufo mai magana. Aikatau yake sauyawa ɗungurungum. Kai da kawo su ne “take” da “bring”, fita da fito kuma “go out” da “come out”. Bahaushen da ya ga ɗauka da ɗauko saiwarsu ɗaya yana iya cewa “take it here” a inda ya kamata ya ce “bring it here”. Wannan kuskure ma da Hausa ake saurin warware shi, domin da zarar an tambayi ɗalibi ko kai yake nufi ko kawo, ya gane inda ya kauce.

Kammalawa

Kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Wannan ya ƙara wa masu nazarin harshe nauyin samar da kwatancen Hausa da Ingilishi kai tsaye. Malamin da zai koyar da “take” a Hawandawaki ko Mayahi zai iya fara darasinsa da rubuta ɗauki, ɗauke da ɗauko a allo, ya bar ɗalibai su faɗi bambancinsu da bakinsu, sannan ya jera “take”, “take away” da “bring” a gefensu. Ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri kuwa, ga “put”, “get” da “look” nan suna jiran irin wannan nazari.